Edward ba ya nufin maigadi: amsa ga wata mai jego

"Malam, barka da aiki. Yau kwanana huɗu da haihuwa, namiji. Maigidana ya ce sunan marigayi mahaifinsa za a sa wa yaron, wato Edward. Ban ƙi ba, amma abu uku na damuna. Na duba Littafi Mai Tsarki tun daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna ban ga sunan ba. Ƙanena ya duba a waya ya ce ma'anarsa 'mai gadin dukiya', ni kuwa ba na son ɗana ya tashi da sunan maigadi, yana tsaron kayan wasu. Na uku, ƙawayena sun ce sunan tsofaffi ne, ko Turawa ma sun daina sawa. Don Allah daga ina sunan ya fito, me yake nufi, kuma da gaske an daina yayinsa?" — Wata mai jego daga Jos

Barka da arziki, 'yata. Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa. Ki riƙe kalmar nan da na gaishe ki da ita, arziki, don rabin amsarki na cikinta.

Kina son sanin asalin sunan, da ma'anarsa, da ko yana da sauran farin jini. Ba zan bi jerin da kika kawo ba. Da maganar maigadi zan fara, don na lura ita ta fi tsaya miki a rai. Ki kuma yi haƙuri, zan yi ta kiran sunan surukinki gatsau, aikin ne ya zo da haka.

Gaɓa biyu: ead da weard

Yawancin sunayen da muke cewa na Turawan Ingila ne, su ma aro suka yi. John da Mary da Elizabeth daga Ibrananci suka fito, George da Peter daga harshen Girka, Victoria daga Latin, William da Robert kuwa mayaƙa ne suka tsallako da su daga Faransa. Edward na cikin 'yan kaɗan da za a ce na gida ne gaba da baya. Ya fito daga tsohon Ingilishi, harshen da ake yi a ƙasar shekara dubu da suka wuce, wanda Baturen yau ba ya ganewa sai an zaunar da shi an koya masa. A lokacin Eadweard ake rubutawa, kuma kalmomi biyu ne aka haɗa.

Ta farko ita ce ead. Ƙamus zai ce miki dukiya, amma dukiya ta yi mata kaɗan. Ead ta haɗa abin hannu da sa'a da wadata da albarka, har sifar da aka ciro daga cikinta, eadig, da ita suke kiran mutum mai albarka, da ita kuma suke yi wa waliyyai kirari. Na daɗe ina gaya wa ɗalibaina cewa Ingilishin yau ba shi da kalma ɗaya da ta ɗauke ead duka, Hausa ce ke da ita. Da na ce miki barka da arziki, ai ba kuɗi kika tsinta ba. In an ce wane ɗan arziki ne, ba asusunsa na banki aka leƙa ba. In an ce an rabu cikin arziki, ba gado aka raba ba. To wannan arzikin shi ne ead.

Ta biyu, weard, ita ce ta jawo miki ɓacin rai. Ma'anarta mai tsaro, mai riƙo, wanda aka danƙa wa abu amana. Abin dubawa shi ne su wa masu harshen suke kira da ita. Ana jingina waƙar da ke cikin mafi daɗewa a Ingilishi ga wani mai kula da dabbobi a gidan ibada na Whitby, sunansa Caedmon, a ƙarni na bakwai. Malamin tarihi Bede, wanda ya kammala littafinsa a 731, shi ya kawo labarinsa: mutum ne da ba ya iya waƙa, in an zauna biki ana zagayawa da garaya, da ta kusa zuwa kansa sai ya sulale ya koma wurin dabbobi. Layin farko na waƙar tasa yabon Allah ne, kuma da weard ya kira shi, weard na mulkin sama. Mawaƙan zamanin sukan kira sarki weard na jama'arsa ko na ƙasarsa.

Akwai abin da ya fi wannan kusa da ke. Kalmar Lord, wadda kike ji kowace Lahadi in ana addu'a da Turanci, a gurbin Ubangiji, asalinta hlaf-weard ne. Hlaf burodi, weard mai riƙo: wanda abincin gida ke hannunsa, shi ke ciyar da na ƙasa da shi. Baki ya yi ta tauna kalmar ƙarni bayan ƙarni, ta koma hlaford, ta koma lord. Ke nan gaɓar da ke ƙarshen sunan ɗanki ita ce a ɓoye cikin wannan kalmar. In da ni za a ba fassara, sai in ce mai riƙon arziki, ko majiɓincin arziki. A sarautunmu Ma'aji ya fi kusa da shi, ba mai zama bakin ƙofa da tocila ba.

Sai dai kada ki je ki rufe ƙanenki da faɗa, don yana da 'yar gaskiyarsa, ko da bai san ta inda ya same ta ba. Gadi da muke cewa a Hausa aro ce daga kalmar Ingilishi guard. Ingilishi ya aro ta daga Faransanci, Faransanci kuma ya samo ta daga harshen wasu ƙabilun Jamus, daga tushe ɗaya da weard. Bakin Faransawa yakan mai da w ya koma g, shi ya sa William ya zama Guillaume a wurinsu. Ashe weard da gadi 'yan kaka ɗaya ne. Ɗaya ta zauna gidan sarauta, ɗaya ta yi yawon duniya har ta iso ƙofar gidajen GRA. Kuskuren wayar shi ne ta ɗauko darajar kalmar a yau ta ɗora wa kalmar jiya. Ban kuma ce gadi abin kunya ba ne, mutum ne ke hana idonsa barci don naki ya samu.

Wani gargaɗi da nake yi wa duk mai tonon ma'anar irin waɗannan sunaye: kada a ɗauke su kamar jimla. Mutanen da suna da tarin kalmomi masu daraja, arziki, mashi, aboki, kariya, yaƙi, sai su ɗauki biyu su haɗa, wani lokaci ma'ana ta zauna daidai, wani lokaci ta ƙi. Edwin arziki ne da aboki. Edmund arziki da kariya. Edgar arziki da mashi. Edith, sunan mata, arziki da yaƙi, in kin matsa sai an fassara shi sai ki rasa inda za ki kama. Abin da ya fi damunsu shi ne a ji sunan a gane gidan. Sarki Alfred ya sa wa ɗansa Edward, wanda ya yi mulki daga 899 zuwa 924. Shi kuma cikin 'ya'yansa akwai Edmund da Eadred, duk sun yi sarauta, da Edith wadda ta auri Otto na Jamus. Jikokinsa Eadwig da Edgar. Kamar dai ki shiga gida ki tarar da Abdurrahman da Abdul'aziz da Abdulƙadir, tun kafin a gaya miki kin san uba ɗaya ne. Wata shekara ina wannan darasi, akwai Edwin a layin gaba da Edith a can baya, ba su taɓa gaisawa ba. Daga ranar 'yan aji suka laƙaba musu wa da ƙanwa har suka gama.

Yadda ya tsallake 1066

Nan ne labarin ya fi daɗi, don bisa lissafi da tuni sunan ya mutu.

Ran 14 ga Oktoba 1066, William na Normandi, wani yanki a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, Sarki Harold ya faɗi a fagen fama. Sabbin masu mulki Faransanci suke yi, kuma suka raba ƙasa da manyan muƙaman coci a tsakaninsu. Talaka kuwa a ko'ina sunan mai mulki yake sha'awa. Cikin ƙarni biyu William da Robert da Richard da Henry, sai sunayen Littafi irin su John da Thomas, suka cinye kasuwa. Ɗaruruwan tsofaffin sunaye suka ɓace: Aethelred, Wulfstan, Leofric, Godwin da ire-irensu. Wasu, kamar Alfred da Edwin da Harold, sun kwanta dogon barci, sai a ƙarni na 19 aka tashe su da aka shiga yayin tarihin kakanni. Godwin da kike ji a Najeriya yau ma daga cikin waccan tsohuwar taskar yake.

Abin da ya ceci Edward mutum biyu ne, kuma tsakanin mutuwar na farko da haihuwar na biyu akwai shekara fiye da 140.

Na farko shi ne Sarki Edward da ya yi mulki daga 1042 zuwa farkon Janairun 1066. Uwarsa Emma 'yar gidan sarautar Normandi ce, shi ma a can ya yi kusan shekara 25 yana gudun hijira. Ya rasu bai bar ɗa ba, rasuwarsa ce ma ta haddasa yaƙin. William ya kafa hujjarsa kan cewa Edward ɗan'uwansa ne kuma ya yi masa alkawarin gadon sarauta. Saboda haka Normandawa ba su da halin ɓata sunansa, ɓata shi ɓata hujjarsu ne. Suka zubar da Harold suka ɗaga Edward. Akwai wani dogon ƙyalle da aka yi wa ɗinkin zare a wancan zamani, kusan mita 70, yana ba da labarin yaƙin hoto bayan hoto, ana kiransa da sunan garin Bayeux na Faransa. Hoton farko a jikinsa dattijo ne mai gemu a kan karaga, an rubuta Edward Rex a samansa, wato Sarki Edward. Mutumin ya yi suna da ibada, shi ya gina babban cocin Westminster, aka keɓe shi kwanaki kaɗan kafin ya cika. A 1161 Paparoma Alexander na uku ya sa shi cikin waliyyai. Laƙabinsa na Turanci, Confessor, yakan ruɗi mutane su zaci wani laifi ya amsa. Ba haka ba ne. Ana ba da shi ga waliyyin da ya shaida bangaskiyarsa da rayuwarsa bai mutu ta hanyar kisa ba, don a bambanta shi da wani Edward ɗin, saurayin sarkin da aka kashe a Corfe a 978, wanda ake kira Shahidi.

Na biyu shi ne Sarki Henry na uku, wanda ya hau a 1216 yana yaro. Son da yake yi wa waliyyi Edward ya wuce misali. Ya rushe cocin Westminster ya sake gina shi tun daga 1245, ya kashe dukiya mai yawa, a 1269 aka mai da ƙasusuwan waliyyin sabon makwanci a ciki. Da aka haifa masa ɗan fari a 1239, a fadar da kowa Faransanci yake yi, inda sunayen sarakuna ba su wuce William da Henry da Stephen da Richard da John ba, sai ya ce Edward. Na biyun ya sa masa Edmund, shi ma sunan wani tsohon sarki waliyyi. A kunnen fadawa wannan kamar a ce yau wani attajiri a Abuja ya raɗa wa ɗansa Bagauda ne ko Kumbari.

Yaron nan ya zama Edward na ɗaya a 1272. Ɗansa Edward na biyu ya gaje shi a 1307, jikansa Edward na uku ya hau a 1327 ya yi shekara 50. Shekara 105 a jere duk wanda ya buɗe ido a Ingila sunan sarkinsa Edward. Bayan wannan babu sauran maganar mutuwar suna. Har ya tsallaka teku: wata jikar Edward na uku, Philippa, ta auri sarkin Fotugal, ta sa wa ɗanta sunan kakanta, bakin mutanen can ya mai da shi Duarte, ya kuma yi sarauta daga 1433 zuwa 1438. Sifaniyawa suna cewa Eduardo, Faransawa Édouard, Italiyawa Edoardo, Jamusawa Eduard. Galibi Ingila ce ke karɓar suna daga maƙwabta, a wannan karon ita ta bayar.

Wani abin dariya a lissafinsu: wanda ake kira na ɗaya shi ne na huɗu a gaskiya, don sarakuna uku masu sunan sun riga shi. Daga 1066 aka fara ƙirga. In an haɗa duka, sarakunan Ingila 11 ne suka amsa sunan Edward. Kambin da aka ɗora wa Sarki Charles na uku ran 6 ga Mayu 2023 ma sunan waliyyi Edward yake ɗauke da shi, kujerar da ya zauna a kai kuma Edward na ɗaya ne ya sa aka sassaƙa ta.

Mukan ce suna linzami ne. In haka ne, wannan linzamin ya ja masu shi ta hanyoyi da yawa. Na ɗaya jarumi ne mai taurin zuciya, ya murƙushe Wales, ya kori Yahudawa daga Ingila a 1290. Na biyu tuɓe shi aka yi. Na biyar yana ɗan shekara 12 aka kai shi hasumiyar Landan a 1483, ba a sake ganinsa ba. Na shida ya hau yana da shekara 9 ya rasu yana da 15. Waje da fada kuwa akwai Edward Jenner, likitan ƙauye da ya gwada lambar agana a 1796. Tabon da ke dantsen iyayenmu daga aikinsa ya samo asali, kuma a 1980 aka sanar an kawar da cutar daga duniya.

Kwabon kakata

Sunan ya iso ƙasarmu ta hanyar da ba kowa ke tunawa ba. Lokacin da sojojin Lugard suka ci Kano a Fabrairun 1903 da Sakkwato a Maris, sarkin Ingila Edward na bakwai ne, ɗan Sarauniya Victoria, wanda ya yi mulki daga 1901 zuwa 1910. Kwabo da anini masu huji da aka fara bugo mana tun 1907 sunansa ne a jiki. Jikansa kuma, tun yana Yariman Wales, ya zo Kano a 1925 zamanin Sarki Usman, aka yi masa gagarumin hawan daba.

Ina da kwabo ɗaya da na tsinta cikin wani tsohon gwangwanin kakata bayan rasuwarta, haɗe da maɓallai da allurai masu tsatsa. Fari ne da ya dushe, da huji a tsakiya inda ake zura zare. Gefe ɗaya tauraro mai tsini shida da shekara, 1936. Ɗaya gefen kambi a saman hujin, rubutun Larabci a ƙasansa, sai sunan sarki da Latin ya zagaye baki, Edwardvs da lamba takwas irin ta Rumawa. Wannan shi ne yariman da ya zo Kano. Ya hau a Janairun 1936, ya sauka da kansa a Disamba don ya auri Wallis Simpson, Ba'amurkiya da ta taɓa aure har sau biyu. Bai kai shekara ba, don haka a Birtaniya kanta ba a saki kuɗi mai sunansa a kasuwa ba. A Afirka ta Yamma an saki, tunda namu ba ya buƙatar hoton fuska, huji ya cinye wurin. Kakata da ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba ta yi cefane da sunan sarkin da mutanen Landan ba su taɓa riƙewa a aljihu ba. Nakan kai kwabon aji, ya zagaya hannu zuwa hannu, in tsaya a kansa har ya dawo.

A gida kuwa ba Edward ake kiran mutumin ba, David ake ce masa, na ƙarshe cikin sunayensa bakwai. Kakansa ma Albert Edward aka raɗa masa, dangi na ce masa Bertie, sai da ya hau ya zaɓi Edward.

Me ya sa babu shi a Littafi

Ba za ki same shi ba ko kin sake dubawa, don an rufe rubutun Littafi ƙarnuka kafin a fara rubuta Ingilishi. Shi ya sa ma ba shi da rigar Hausa. Peter ya zama Bitrus, Paul Bulus, Stephen Istifanus, John Yohanna, saboda sun biyo ta fassarar Littafi, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932, kuma da yawansu siffar Larabci suka ɗauko. Edward bai bi wannan ƙofar ba. Ta makarantar mishan da takardar baftisma da ofishin Bature ya shigo, ya zauna da rigarsa ta Turanci.

Rashinsa a Littafi bai sa ya zama baƙo a coci ba. Katolika da Angilikan duk suna tunawa da waliyyi Edward ran 13 ga Oktoba, ranar da aka mai da ƙasusuwansa sabon makwanci, kuma inda ake son sunan waliyyi wajen baftisma ya cika sharaɗi. Amma ni malamin harshe ne, ba fasto ba. In ikilisiyarku na da tata al'ada kan sunan baftisma, wannan tambaya ce ta limaminku, maigidanki ya same shi kafin ranar suna.

Maganar yayi

Ƙawayenki sun faɗi gaskiya game da Amurka. Gwamnatin can na da lissafin sunayen jarirai da ya koma har 1880. A shekarun farko na ƙarni na 20 Edward na cikin goma na sama ko dab da su. Daga nan ya yi ta zamewa sannu a hankali, kafin shekarar 2000 ya fice daga ɗari na farko, bai kuma koma ba. Ba'amurke in ya ji Edward, kakansa yake tunawa.

A Ingila da Wales labarin daban ne. Hukumar ƙididdigarsu ta duba jerin sunaye ɗari da suka fi yawa tun daga shekarun 1920, ta tarar 'yan kaɗan ne ba su taɓa faɗowa ba, Edward na cikinsu, tare da irin su George da James da Thomas da William. Mohammed ma na cikin wannan rukuni, abin da kan ba mutane mamaki, kuma a lissafin 2023 Muhammad ne ya zo na ɗaya a sunayen maza. A 'yan shekarun nan Edward na zaune cikin hamsin na farko. Bai yi tashin gwauron zabo ba, bai kuma faɗi ba. Teddy, wanda da can sunan shagwaɓa ne kawai, yanzu ana rubuta shi a takardar haihuwa a matsayin cikakken suna, shi ma ya shiga hamsin ɗin.

Dalilin bambancin, a ganina, biyu ne. A Ingila sunan na da abin jingina da ba ya tsufa, gidan sarauta da makarantu da tituna, ga ƙanen sarki na yanzu ma Edward ne, wanda aka haifa a 1964. Na biyu kuma yayin suna zagaye yake yi. Sunan tsaran iyayenka yakan yi maka kama da tsohuwar atamfa, na kakannin kakanni kuwa sai ya dawo sabo, tunda babu wanda ka sani da shi. Ingila ta riga ta shiga wannan zagayen, shi ya sa Arthur da Alfie da Florence da Ivy suka cika makarantun reno a can.

Ki lura dai alƙaluman nan na can ne, ba Jos suka auna ba. Abin da zan iya ba ki a nan shi ne abin da idona ya gani a rajistar aji. Shekara da shekaru ina kiran suna, Edward ya fi fitowa a gurbin sunan uba ko kaka, gurbin ɗalibi kuwa Miracle da Favour da Godswill da Precious suka mamaye, sai sunayen harshen gida da suka dawo da ƙarfi, abin da nake murna da shi. Ma'ana ɗanki zai iya gama firamare shi kaɗai ne Edward a ajinsu. Ni a wurina wannan riba ce. Na taɓa koyar da aji mai Blessing biyar, sai da muka koma kiransu da garuruwansu.

Abin da za ki riƙa kiransa

Na san ko an sa sunan, bakinki ba zai iya furta shi a tsakar gida ba, sunan suruki ne. Turawa ba su da wannan kunyar, amma sun tara wa sunan gajerun siffofi: Ed, Eddie, Ted, Teddy, Ned. Ted ya fito ne daga wasan sauya harafin farko da suke yi tun da daɗewa, yadda Rob ya zama Bob, Will ya zama Bill. Da shi ake kiran Edward Heath, firaministan Birtaniya daga 1970 zuwa 1974, da Sanata Edward Kennedy na Amurka. Ted na iya zama gajeren Theodore ma, kuma 'yar tsanar beyar nan ta yara daga Shugaba Theodore Roosevelt ta samo sunanta, ba ruwanta da Edward. Ned kuwa ana ganin daga mine Ed ya fito, wato Ed nawa, harafin n ya ɓalle daga kalmar farko ya manne wa ta biyu. Mu ma mun yi irin wannan da Larabci: al-khabar ya zama labari, al-kitab ya zama littafi, lam ɗin ta maƙale ta ƙi sauka. Wanda ya san Abubakar na iya zama Habu da Garba da Buba da Bukar ba zai yi mamakin Ted ba.

Shawarata ki karɓi sunan. Mutum ya rasa uba, yana son ya riƙa jin sunansa a gidansa, ma'anar kuma ba ta da aibu. In kina son naki rabon, ki sa masa na biyu daga harshenku ko daga Littafi, a rubuta duka. Ban ba ki shawarar sauyawa zuwa Edwin ko Edmund ba, ko da yake 'yan gida ɗaya ne, don maigidanki ba ma'ana yake nema ba, mahaifinsa yake nema. A tsakar gida kuma ga Abba, ga Baba, ga Babangida, ga Teddy in kin fi son na Turanci. Wanda kika fara kira cikin makon nan shi zai bi shi har ya yi gemu, don haka ki zaɓa da kanki kafin gwaggonninsa su riga ki.

Ranar karɓar takardar haihuwa, ku tsaya a kan mai rubutu. Edward ne, harafi shida, babu s a ƙarshe. Edwards sunan dangi ne, ma'anarsa ɗan Edward, ya fi yawa a Wales, kuma masu cike fom a nan suna yawan ƙara wannan s ɗin don sun saba jin sa. Na ga ɗalibin da takardar haihuwarsa ta ce Edward, ta jarrabawa ta ce Edwards, sai da ya yi rantsuwa a kotu ya buga sanarwa a jarida kafin a yarda mutum ɗaya ne. Ku karanta takardar harafi-harafi kafin ku bar teburin.